Takardar McCarthy: Yadda Kanun Labarai Suka Gina Sanatan da Ya Razana Amurka

A daren Alhamis, 9 ga Fabrairun 1950, wani sanata da ko a Washington ba kowa ya san fuskarsa ba ya miƙe a otal ɗin McLure da ke garin Wheeling, jihar West Virginia, don yi wa ƙungiyar matan jam'iyyar Rifablikan jawabi. Taro ne irin wanda jam'iyyar ke yi kowace shekara don tunawa da Abraham Lincoln. Jiga-jigai kan tafi manyan birane, a tura 'yan baya-baya ƙananan garuruwa, kuma Joseph McCarthy na jihar Wisconsin yana cikin 'yan baya-bayan. Ana tsakiyar jawabi ya ɗaga wata takarda, ya ce a hannunsa akwai sunayen mutum 205, 'yan jam'iyyar kwaminis, waɗanda Sakataren Harkokin Waje ya san da zamansu amma har gobe suna cikin ma'aikatar suna tsara wa Amurka manufofinta.

Wakilin jaridar garin, Frank Desmond na Wheeling Intelligencer, ya rubuta labarin, kamfanin dillancin labarai na AP ya ɗauki 'yan layuka ya watsa. Jaridu kaɗan ne suka buga washegari. Sanatan ya hau jirgi ya nufi yamma. Da 'yan jarida suka tare shi a Denver suka ce ya nuna musu sunayen, sai ya ce ya baro takardar cikin kayansa a jirgi. A Salt Lake City adadin ya koma 57. Ranar 20 ga wata, a zauren Majalisar Dattawa, ya shafe wajen sa'o'i shida yana magana, wannan karon a kan mutum 81.

Daga baya an gano inda alƙaluman suka fito. A 1946 Sakataren Harkokin Waje na lokacin, James Byrnes, ya rubuta wa wani ɗan majalisa cewa an tantance ma'aikatan da aka mayar ma'aikatarsa bayan yaƙi, an ba da shawarar kada a tabbatar da 284, kuma an riga an sallami 79. In aka cire 79 daga 284, saura 205. Wasiƙar ta kusa shekara huɗu da rubutawa, ba ta ce mutanen 'yan kwaminis ba ne, ba ta ma ƙunshi sunaye ba. Sauran alƙaluman kuma daga wani tsohon binciken majalisa aka tsamo su, wanda kwamitoci suka riga suka duba suka ajiye.

To yaya aka yi mutumin da ya fara da irin wannan zuƙi-ta-malle ya riƙe wuyan ƙasa mafi ƙarfi a duniya har kusan shekara biyar, shugabannin ƙasa biyu suna kaffa-kaffa da shi? Yawanci in ana ba da labarin, 'yan jarida ake sa wa rawanin jarumta, a ce su suka kayar da shi. Akwai gaskiya a ciki, amma rabin labarin ke nan. Kafin wani ɗan jarida ya taɓa McCarthy, ɗaruruwan 'yan jarida sun yi shekaru suna kai masa saƙo ƙofar kowane gida a Amurka, kyauta, kuma da yawansu sun san abin da suke ɗauke da shi ba gaskiya ba ne.

Tsoron da ya tarar a ƙasa

McCarthy bai ƙirƙiri tsoron ba, tarar da shi ya yi ya nuna. A watan Agustan 1949 Tarayyar Sobiyet ta gwada makamin ƙare-dangi, shekaru kafin lokacin da Amurkawa suka zata. A watan Oktoba Mao ya kafa gwamnatin kwaminis a Sin. Ranar 21 ga Janairun 1950 kotu ta sami Alger Hiss, tsohon babban jami'in Ma'aikatar Harkokin Waje, da laifin rantsuwa kan ƙarya a shari'ar da ta shafi leƙen asiri. Mako guda kafin jawabin Wheeling aka kama masanin kimiyya Klaus Fuchs a Ingila, bayan ya amsa cewa ya miƙa wa Mosko sirrin bam ɗin. A watan Yuni yaƙin Koriya ya ɓarke. Talakan Amurka yana tambayar yadda ƙasar da ta ci yaƙin duniya a 1945 ta shiga wannan hali cikin shekara biyar, ga kuma mai ce masa maciya amana ne a cikin gida.

'Yan leƙen asirin Sobiyet kuwa an yi su da gaske. Saƙonnin sirri da Amurka ta warware a shirin Venona, waɗanda aka fito da su fili a 1995, sun tabbatar da haka. Sai dai akasarinsu an bankaɗo su ko sun bar aiki tun kafin 1950, kuma tun 1947 Shugaba Harry Truman ya kafa tsarin tantance amincin ma'aikatan gwamnati, mai tsananin da shi kansa ya ci mutane da dama da ba su ji ba ba su gani ba. Duk tsawon shekarun da McCarthy ya yi yana tashe, bincikensa bai kai ko mutum guda gidan yari kan leƙen asiri ba.

Shi kansa ɗan manomi ne daga kusa da Appleton, an haife shi a 1908. Ya bar makaranta yana ɗan shekara 14 ya kama kiwon kaji, ya koma yana da 20 ya gama sakandare cikin shekara ɗaya, ya karanta lauya a jami'ar Marquette, ya zama alƙali, ya shiga soja lokacin yaƙi, ya dawo yana ƙara wa labarin bajintarsa gishiri. A 1946 ya kayar da Robert La Follette ƙarami a zaɓen fid da gwani, ya shiga majalisa. Shekara uku bai yi wani abin a zo a gani ba. Zaɓen 1952 na ƙaratowa, yana neman abin da zai riƙe.

Ƙa'idar da ta zama tarko

Aikin jarida a Amurka ta wancan zamani yana da wata ƙa'ida da ake alfahari da ita: wakili ya kawo abin da aka faɗa da wanda ya faɗa, ya bar hukunci ga mai karatu da shafin sharhi. Ƙa'idar tana da dalilinta. An kafa ta ne don a raba labari da son ran masu jaridu, waɗanda a baya kowa ke juya labari yadda ya ga dama. Ta fi ƙarfi a kamfanonin dillancin labarai uku, AP da UP da INS, domin su suke ciyar da jaridu sama da dubu masu ra'ayoyi daban-daban, kuma ba sa son ɓata wa kowane mai saye rai. Wakilinsu tamkar ɗan aike ne da aka ba wasiƙa a manne: aikinsa ya kai, ba ya buɗe ba. In sanata ya ce wane ɗan kwaminis ne, labarin gaskiya ne ta fuska ɗaya, tunda sanatan ya faɗa ɗin. Ko wanen ɗan kwaminis ne, wannan ba aikin wakili ba ne.

McCarthy ya karanci wannan fiye da editocin kansu. Ya san lokacin da jaridun yamma ke rufe shafi da lokacin da na safe ke tafiya maɗaba'a, don haka yakan saki zargi saura 'yan mintoci, lokacin da babu halin a nemi wanda aka zarga. Kamfanonin uku suna tsere da juna, wanda ya tsaya bincike abokin hamayyarsa ya riga shi. Richard Rovere, wanda ya bi shi yana rubutu a mujallar New Yorker kuma ya wallafa littafi a kansa a 1959, ya bayyana wata dabararsa: ya kira taron manema labarai da safe don kawai ya sanar cewa da yamma zai yi wani taron da zai girgiza ƙasa. Jaridun yamma su buga cewa ana dakon fallasa. In yamma ta yi babu komai, sai ya ce wani muhimmin shaida ne ya ɓace, jaridun safe su buga cewa ana neman shaidan. Kanu biyu ke nan a shafin farko, ba tare da an faɗi komai ba.

Ga kuma rigar kariya. Tsarin mulkin Amurka ya hana a kai ɗan majalisa ƙara kan abin da ya faɗa a zaure ko a kwamiti, kuma jaridar da ta ruwaito zaman majalisa daidai tana da tata kariyar. Mutum zai wayi gari ya ga sunansa da manyan baƙaƙe a shafin farko, babu kotun da zai je. In ya musanta, musun ya fito washegari a can cikin jarida, kuma kafin nan an saki wani sabon suna.

Abin da ya fi ciwo a nan shi ne wakilan da ke bin sa sun saba da shi. Mutum ne mai fara'a in ba a gaban makirufo ba, ga kyauta, ga sha tare da su, kuma duk wanda labari ya yanke masa ya san inda zai je ya samu. Edwin Bayley, wanda ya yi wa Milwaukee Journal aiki a lokacin, ya koma ya bi diddigin jaridun ƙasar ya fitar da littafi a 1981, inda ya nuna yadda kanun labarai suka riƙa mayar da zargi tamkar abin da ya tabbata. Waɗannan su ne masu ganin suna tsakiya. Akwai kuma waɗanda suka ɗaure masa gindi da gangan: jaridun Hearst, da Chicago Tribune ta Kanar Robert McCormick, da masu sharhi irin su Westbrook Pegler, George Sokolsky da Fulton Lewis ƙarami a rediyo.

Majalisa ta kafa kwamiti ƙarƙashin Sanata Millard Tydings na Maryland don duba zargin da ya yi wa Ma'aikatar Harkokin Waje. McCarthy ya ce zai jingina komai a kan mutum guda, babban ɗan leƙen asirin Sobiyet a Amurka, sannan ya ambaci Owen Lattimore, malamin jami'ar Johns Hopkins kuma masanin yankin Asiya, wanda ba ma'aikacin ma'aikatar ba ne ma. A watan Yulin 1950 masu rinjaye a kwamitin suka ce zargin yaudara ce tsagwaronta. A watan Nuwamba Tydings ya faɗi zaɓe. A lokacin kamfe an raba wata 'yar jarida mai ɗauke da hoton da aka haɗa, wanda ya nuna shi kamar yana sauraren Earl Browder, tsohon shugaban jam'iyyar kwaminis ta Amurka, kuma mutanen McCarthy da na jaridar Washington Times-Herald suna da hannu a shirya ta. Sauran sanatoci suka ga abin da ya sami Tydings, kowa ya shafa wa gemunsa ruwa.

Masu ja da shi

Ba kowa ya yi gum ba, kuma waɗanda suka fara magana sun yi ta ne lokacin da take da tsada. Herbert Block, mai zanen barkwanci na Washington Post, ya fara caccakarsa tun watan Maris na 1950. Ranar 1 ga Yuni, Margaret Chase Smith ta jihar Maine, mace ɗaya tilo a Majalisar Dattawa kuma 'yar jam'iyyarsa, ta tashi ta yi tir da siyasar tsoro da ƙazafi ba tare da ta kama sunansa ba. Sanatocin Rifablikan shida kawai suka sa hannu tare da ita. A jiharsa, Capital Times ta Madison da Milwaukee Journal ba su taɓa saurara masa ba.

Wani wakilin Capital Times, John Patrick Hunter, ya yi abin da ya auna zurfin tsoron. Ranar bikin 'yancin kai, 4 ga Yulin 1951, ya kwafi sassa daga takardar shelar 'yancin Amurka da kuma haƙƙoƙin ɗan ƙasa da ke cikin tsarin mulki, ya tsara su kamar takardar koke, ya shiga wurin shaƙatawa yana neman sa hannu. Cikin mutum 112 da ya tuntuɓa, ɗaya ne ya yarda. Wasu sun ce da ganin rubutun na 'yan kwaminis ne, wasu suka ce suna tsoron aikinsu.

Wanda ya taɓa McCarthy kuwa, ta aljihu yake rama masa. Drew Pearson, mai sharhin da ake bugawa a ɗaruruwan jaridu, ya daɗe yana tona masa asiri. A watan Disambar 1950 suka haɗu a wata liyafa a kulob ɗin Sulgrave da ke Washington, McCarthy ya far masa da duka a ɗakin ajiye riguna, Richard Nixon ne ya shiga tsakani. Bayan 'yan kwanaki ya tashi a majalisa ya kira Pearson kakakin 'yan kwaminis, ya nemi jama'a su ƙaurace wa kamfanin huluna na Adam, mai ɗaukar nauyin shirinsa na rediyo. Kamfanin ya janye. Da mujallar Time ta sa shi a bangonta a 1951 ta kira shi mai tunzura jama'a, sai ya rubuta wa masu ba ta talla yana neman su daina.

A watan Yunin 1951 ya kai hari kan Janar George Marshall, wanda ya tsara nasarar Amurka a yaƙin duniya kuma ya ba da sunansa ga shirin farfaɗo da Turai, yana danganta shi da wata gagarumar maƙarƙashiya. Marshall ne ya ɗaga Dwight Eisenhower a soja. Amma a watan Oktoban 1952, da Eisenhower ya zo Milwaukee kamfen neman shugabancin ƙasa, 'yan siyasar jihar suka lallashe shi ya cire sakin layin da ya rubuta na kare Marshall daga jawabinsa. New York Times ta bankaɗo maganar, kuma tabon ya bi Eisenhower har ƙarshen rayuwarsa.

Da Rifablikan suka karɓi mulki a 1953, McCarthy ya sami kujerar shugaban kwamitin bincike na dindindin, da ikon sammaci da kuɗin ɗaukar ma'aikata. Ya ɗauko Roy Cohn, matashin lauya da ya yi suna a shari'ar Julius da Ethel Rosenberg kan leƙen asiri, ya naɗa shi babban lauyan kwamiti. Cohn ya jawo abokinsa David Schine, ɗan wani attajiri mai otal-otal. Inda suka fara dira shi ne Muryar Amurka, gidan rediyon da masu sauraren Hausa suka sani, shekaru da yawa kafin a buɗe masa Sashen Hausa. An zargi injiniyoyi da zagon ƙasa saboda wurin da aka zaɓa don kafa na'urorin watsa shirye-shirye. Ɗaya daga cikin injiniyoyin, Raymond Kaplan, ya kashe kansa a watan Maris, ya bar wasiƙar da ke nuna fargabar za a ɗora masa laifi. A watan Afrilu Cohn da Schine suka zagaya Turai suna binciken ɗakunan karatun da Amurka ta buɗe, aka kwashe littattafai daga kantoci, wasu kaɗan har aka ƙona su. A wannan watan aka kira James Wechsler, editan New York Post, gaban kwamitin, aka titsiye shi kan ƙungiyar matasan kwaminis da ya bari tun 1937 da kuma abin da jaridarsa ke rubutawa. Ya kai kuka ƙungiyar editocin Amurka, kwamitin da ta kafa ya kasa haɗa baki a kan ko wannan barazana ce ga 'yancin jarida.

A shekarar ne wasu suka fara gyara aikin daga tushe. Palmer Hoyt na Denver Post ya rubuta wa ma'aikatansa umarni: a auna mai zargin da tarihinsa, a nemi wanda aka zarga kafin a buga, in an san magana ƙarya ce a faɗa a cikin labarin, a kuma kula da kanu. Murrey Marder na Washington Post ya ɗauki hanya mafi wahala. McCarthy yana zaman sirri kan cibiyar sadarwar soja ta Fort Monmouth, yana fitowa shi kaɗai ya gaya wa 'yan jarida cewa ya gano gungun 'yan leƙen asiri. Marder ya je ya bi mutanen da aka dakatar ɗaya bayan ɗaya, ya nuna babu wanda ake tuhuma da leƙen asiri a cikinsu. Irin wannan aiki ba ya jawo tafi, amma shi ne abin da ya kamata a yi tun daga Wheeling.

Talabijin

A 1950 gidajen Amurka da ke da talabijin ba su kai ɗaya cikin goma ba. Zuwa 1954 sun haura rabi. Edward Murrow, wanda Amurkawa suka san muryarsa tun yana aiko da rahoto daga Landan ana ruwan bama-bamai, yana gabatar da shirin See It Now a tashar CBS tare da Fred Friendly. Ya daɗe bai taɓa batun ba, abokansa har suna yi masa gori. Ranar 20 ga Oktoban 1953 ya shiga ta gefe, da labarin Milo Radulovich, wani laftanar na sojan sama daga Michigan da za a kora saboda an ce mahaifinsa na karanta wata jarida ta harshen Sabiya, 'yar'uwarsa kuma na da ra'ayin gurguzu. Hujjojin suna cikin ambulan da ba a buɗe ba. CBS ta ƙi tallata shirin, Murrow da Friendly suka biya dala 1,500 daga aljihunsu aka sa talla a New York Times. Bayan 'yan makonni rundunar ta mayar da Radulovich.

Ranar 9 ga Maris 1954 suka fuskanci McCarthy kansa. Rabin sa'a, kusan duka hotunansa ne da muryarsa: yana muzanta shaidu, yana faɗin magana yau ya saɓa mata gobe, yana dariya. A ƙarshe Murrow ya kalli kyamara ya ce kada a ɗauki saɓanin ra'ayi a matsayin cin amanar ƙasa, zargi ba hujja ba ne, kuma sanatan bai haifi wannan tsoro ba, amfani ya yi da shi, laifin na jama'ar da suka ba shi fili ne. Saƙonni suka yi ta kwarara CBS, mafi yawansu na goyon baya. An ba McCarthy fili ya mai da martani ranar 6 ga Afrilu, ya ɓata lokacinsa yana shafa wa Murrow kashin kaji.

Murrow ya yi jarumta, amma ya zo a makare, shi ma ya san haka. A lokacin McCarthy ya riga ya taɓo abin da ya fi ƙarfinsa. Kan maganar wani likitan haƙori na soja, Irving Peress, da aka yi wa ƙarin girma bisa tsari duk da ya ƙi amsa tambayoyin siyasa, McCarthy ya gaya wa Birgediya Janar Ralph Zwicker, wanda ya yi yaƙi a Normandy, cewa bai cancanci kakin da ke jikinsa ba. Rundunar soja, da amincewar fadar shugaban ƙasa a bayan fage, ta fitar da jerin lokutan da Cohn ya matsa mata lamba don a ba Schine gata bayan an ɗauke shi aikin soja na dole.

Zaman sauraren rikicin ya fara ranar 22 ga Afrilu ya ƙare 17 ga Yuni, kwana 36, tashoshin ABC da DuMont suna nunawa kai tsaye. A nan babu wakili a tsakani da zai tsince maganar sanata ya gyara mata zama. Matan aure a gida da ma'aikata a shaguna suka ga mutumin yadda yake, yana katse kowa da sunan neman a bi ƙa'ida, yana gunaguni, yana zagin abokan aikinsa. Lauyan soja, Joseph Welch, dattijo daga Boston mai sanyin murya, ya nuna cewa hoton Schine da Sakataren Soja Robert Stevens da ɓangaren McCarthy ya gabatar an yanke wani mutum daga cikinsa, kuma wasiƙar da aka ce ta shugaban FBI ce, J. Edgar Hoover bai rubuta ta a haka ba.

Ranar 9 ga Yuni, Welch yana matsa wa Cohn, sai McCarthy ya tsoma baki ya ce akwai wani matashin lauya a ofishin Welch, Fred Fisher, da ya taɓa zama ɗan wata ƙungiyar lauyoyi da ake dangantawa da 'yan kwaminis. Fisher ba ya cikin shari'ar, kuma an riga an yi yarjejeniya da Cohn cewa ba za a ta da maganarsa ba. Welch ya ce sai yau ya san iyakar rashin tausayin sanatan, sannan ya tambaye shi ko ashe babu sauran kunya a tare da shi. Ɗakin ya ɗauki tafi. Ƙuri'ar jin ra'ayi ta Gallup ta nuna masu ganin kirkinsa sun sauko daga kashi 50 cikin ɗari a watan Janairu zuwa 34 a watan Yuni.

Kwana biyar da rufe zaman, Don Hollenbeck, mai karanta labarai a CBS wanda ya yaba wa Murrow a talabijin, ya kashe kansa, bayan watanni da wani mai sharhi na jaridar Hearst a New York ya yi yana yi masa bita-da-ƙulli. Kamfanin Alcoa ya daina ɗaukar nauyin See It Now a 1955, aka raba shirin da lokacinsa na mako-mako, ya mutu a 1958.

Sanata Ralph Flanders na Vermont, ɗan Rifablikan, shi ya gabatar da ƙudurin tsawatarwa. Kwamitin Arthur Watkins na Utah ya saurari batun, ya hana kyamarorin talabijin shiga, ya kuma hana McCarthy katse mutane. Majalisa ta jira har aka gama zaɓen Nuwamba, sannan ranar 2 ga Disambar 1954 ta yi Allah wadai da shi da ƙuri'a 67 da 22. Duk 'yan Dimokurat da suka halarta sun goyi baya, 'yan Rifablikan suka rabu biyu daidai, 22 da 22. Laifuffuka biyun da aka kama shi da su sun cancanci a lura da su: raina wani kwamitin majalisa da ya binciki harkokinsa, da zagin kwamitin Watkins. An cire batun Zwicker. Babu kalma ɗaya kan malamai da akawuna da injiniyoyin da aka raba da abincinsu. Majalisar ta rama wa kanta ne kawai.

Daga nan jaridu suka juya masa baya gaba ɗaya. Yana nan da kujerarsa da rigar kariyarsa, yana ta jawabai irin na da, amma in ya miƙe zauren kan watse, 'yan jarida su fice, takardun da yake rabawa su ƙare a kwandon shara. Ikon yin biris da shi yana hannunsu tun ranar farko, sai da majalisa ta ba da fuska suka yi amfani da shi. Ya rasu ranar 2 ga Mayun 1957 a asibitin sojan ruwa na Bethesda yana da shekara 48, da ciwon hanta, bayan shekaru na shan giya mai yawa.

Waɗanda ya ambata sun daɗe suna biya. An gurfanar da Lattimore kan rantsuwar ƙarya a 1952 sakamakon binciken wani kwamitin na daban, alƙali ya yi watsi da manyan tuhume-tuhumen, gwamnati ta janye sauran a 1955, daga baya ya koma koyarwa a jami'ar Leeds ta Ingila. Jami'an da suka fi kowa sanin Sin, waɗanda laifinsu shi ne sun rubuto tun lokacin yaƙi cewa Mao ne zai yi nasara, an share su daga Ma'aikatar Harkokin Waje, kuma babu su a wurin lokacin da Amurka ta fara nutsewa a Biyetnam. An tilasta wa John Carter Vincent ritaya a 1953. An kori John Paton Davies a 1954, ya tafi Peru yana sana'ar kujeru da tebura. John Stewart Service, wanda aka haifa a Sin kuma hukumomin tantancewa suka wanke shi sau da dama, an sallame shi a watan Disambar 1951, ya koma aiki a wani kamfanin kayan tururi a New York. Ranar 17 ga Yunin 1957, makonni shida bayan mutuwar McCarthy, Kotun Ƙoli ta ce korar tasa ta saɓa wa ƙa'ida. An mayar da shi aiki, aka tura shi ƙaramin ofishin jakadanci a Liverpool, ba a sake ba shi wani aiki da ya shafi Sin ba, ba a kuma ƙara masa girma ba, har ya ajiye aiki a 1962.